Kwando sittin da kamun Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Gidan Amumune, ana saura kwana tara Babbar Salla. Mu uku ne: ni, da Gwaggona yayar babanmu, da maƙwabciyarta, wata doguwar mata wadda sai ta sunkuya take shiga ɗakin kowa a unguwar. Kayanmu kwandunan kaba sittin, an ɗaure su cikin manyan buhuna biyar. Ku da kuka dame ni a salula kuna tambayar inda na ɓace kwana shida, to ga labarin. Tun yanzu ina gaya muku akwai wurin da na sha kunya a ciki, kuma ba zan tsallake shi ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tasawa. Wata uku da suka wuce na ɗora hoton wani kwando da Gwaggo ta saƙa mini a shafina. Wata ƙawata da muka yi karatu tare, wadda ke aiki a Yamai, ta nuna wa matar da ke kula da kyaututtukan Salla a wani babban otal. Duk shekara otal ɗin yana haɗa kayan kyauta, kamfanoni su saya su raba wa ma'aikatansu da manyan baƙinsu. A da cikin akwatunan kwali na waje ake zubawa, bana matar ta ce na gida take so. Ta kira ni ta ce kwando sittin, faɗin bakin kowanne santimeta arba'in.

Na hau kabu-kabu na tafi ƙauye da mitir ɗin tela a jaka. Gwaggo ta ce ita ba ta san wani santi ba. Sai dabara ta zo mini, na aza mitir ɗin a hannunta, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Arba'in cif. Na ce mata ai kamu guda ke nan, na koma Tasawa ina jin babu mai wayona a duk jihar Maraɗi.

Mace ɗaya ba ta saƙa sittin a wata uku. Gwaggo ta raba aikin ga mata goma sha tara, wasu a garinsu, wasu a Kanan-Bakashe inda ƙanwarta ke aure, wasu har Urafane wajen ɗiyarta. Da ƙafarta ta bi su, ta sa kowacce ta ajiye tabarmar da take saƙa wa kasuwa ta kama wannan. Mazan wasu sun yi ƙorafi, suna cewa wane otal ne zai sayi kaba. Gwaggo ta dafa ƙirji a gabansu ta ce babu kwandon da zai dawo. Wanda ya san ta ya san ba ta da shanu, ba ta da gidan siminti. Maganarta ce dukiyarta, ita kuma ta ɗora a kan buhunan nan biyar.

Wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ce ta kai mu Mayahi. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan, don haka gari na wayewa muka ga gonaki cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanya. Gwaggo ta yi ta leƙe, tana cewa ita ko gamanarta, ƴar gonar tata, a hannun surukarta ta bar ta, Allah ya sa kar ta yi mata shukar gaggawa. Da muka ratsa ta cikin gorubar Gulbin Kaba, maƙwabciyar ta nuna itatuwan da haɓa ta ce su ma yau za su ga Yamai.

A Mayahi muka karya da ƙosai da shayi. Ƙosan dala ashirin ya ishe ni, maƙwabciyar ta ci na dala sittin ta ce ta ɗan taɓa. Daga nan sai Cadawa, sai kwalta, sai Maraɗi da azahar, inda muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu. Da yamma na je tasha yankan tikiti. Masu lodi suka kalli buhunan suka yanka musu kuɗi kamar raguna biyar muka kawo. Ban gama haɗa Faransancin da zan yi musu ba, maƙwabciyar ta ɗaga buhu ɗaya da hannu guda ta riƙe shi a sama har suka fara dariya. Suka rage da kansu. A nan ne na yaba wa Gwaggo yadda ta shirya kayan, na ce kai, dubi yadda ƙanana suka shige cikin manya. Da bakina na faɗi haka, jama'a, kuma ban ji abin da na faɗa ba.

Washegari muka shiga babbar kar, bas ɗin nan mai kilim, na'urar sanyaya mota. Kafin Gidan Rumji Gwaggo ta lulluɓe da zane biyu, tana tambayar wanda ya yi wa direba laifi. Hanya kuwa ta raguna ce. Kowace babbar mota muka wuce, kawunan raguna ne ke leƙowa ta saman ƙarfe, duk sun nufi yamma. Mutumin da ke kujerar gabanmu dillali ne, kuma na lura duk garin da muka wuce sai kuɗin ragon da yake faɗi a salula ya ƙaru, alhali ragon yana nan bai ƙara ko tsoka ba. A Madawa masu kilishi suka yanyame tagogi. Na sayi na jika guda, mai yaji sosai, kuma ina ba ku shawara in kun bi ta nan ku sa a yanka muku daga babban falle, kar ku karɓi wanda aka riga aka naɗe. A Galmi albasa ce tsibi-tsibi har bakin kwalta. Maƙwabciyar ta ce a dawowa ba za ta wuce ta ba.

A Ƙonni muka yi salla muka ci shinkafa da wake. Wurin jandarmomi kuwa, duk motar sai da ta jira Gwaggo, don katin shaidarta yana cikin leda uku, ledojin cikin ƙullin zane, ƙullin kuma irin wanda ba ya kwantuwa da gaggawa. Jandarman ya yi haƙuri, har ya ce mata Allah ya sa kowa ya riƙe takardarsa haka. Bayan duwatsun Dogon Dutsi muka shiga Doso, inda Hausa ta fara ja baya, masu talla na kiran ruwa da Zabarmanci. Mun isa Yamai gab da magariba, ƙafafu a kumbure. Ƙawata ta tarbe mu da dambu da zogale, Allah ya saka mata.

Da hantsi muka je otal. Ba zan faɗi sunansa ba, amma dogon gini ne kusa da kogi, gilashi tun daga ƙasa har sama. A bakin ƙofa Gwaggo ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, sai da mai gadi ya roƙe ta ta mayar. Daɓen yana sheƙi, ta riƙa taka shi a hankali yadda ake taka bakin rijiya in an yi ɓari. An rataya fitilu masu siffar jinjirin wata, ko'ina turaren wuta na tashi, a tsakiyar zauren kuma an kafa wani ƙaton rago na ado da aka yi da auduga da waya, mutane na ɗaukar hoto da shi. Maƙwabciyar ta zagaya shi sau biyu ta ce an yi masa ƙaho mai kyau, amma wannan ko kyauta aka ba ta ba ta layya da shi, ba shi da gadon baya.

A gefe guda aka shirya kasuwar kyaututtuka ta mako guda, tebur-tebur, kowanne da farin ƙyalle. Tunda da yawanku kan tambaye ni abin da za a kai wa surukai da Salla, bari in faɗi abin da na gani. Akwai yajin nama a ƴan kwalabe da aka ɗaura wa zare mai launi. Akwai zuma, da dabinon arewa, da butar shayi da ƴan kofunanta, da wuƙa mai kube na fata, da sabulun man kaɗe, da darduma haɗe da carbi, da zobban azurfa na Buzaye. Wuƙar ce ta fi burge ni, don kyauta ce da za a yi aiki da ita ranar Salla tun da safe. Yajin kuwa, kuɗin ƴar kwalba ɗaya zai sayi tiyar barkono a kasuwar Urafane har a yi canji. Ku daka naku, ku nemi kwalba mai tsabta da zare ja, wallahi ba wanda zai gane.

Aka kai mu wani ɗakin ajiya a baya, inda muka sami Madan ɗin da ta yi odar. Bazabarma ce, ba ta wuce sa'ata da yawa ba, salula biyu a hannu, tana magana tana tafiya. Ta gaishe da su Gwaggo da ladabi, ta sa aka kwance buhuna. Da ta ga launukan, ja da kore da baƙi, ta dafa ƙirji ta ce sun fi hoton kyau. Sai ta ɗauko wani zagayayyen faranti na kwali mai kauri, an huda masa gurabe, nan na kwalbar yaji, nan na dabino, nan na wuƙa. Guda sittin aka yanko mata, kowanne zai zauna a bakin kwando ya riƙe kayan kada su motsa.

Kwando na farko na Gwaggo ne. Farantin ya zauna daram. Na yi murmushi na gyara gyale. Na biyu, farantin ya zurma har ƙasa. Na uku, ya ƙi shiga sam, ya tsaya a sama kamar marfi. Madan ta daina magana ta aika a kawo mitir. Talatin da bakwai. Arba'in da huɗu. Arba'in da tara, wannan na maƙwabciyar ne. A nan na gane abin da na yi. Na ce kamu guda, Gwaggo ta kai wa mata kamu guda, kowace mace kuma ta auna da nata hannun. Haka ake yi tun kakanni. Mai saƙa da hannunta take awo, mai saye ya auna da nasa, a daidaita. Ba wanda ya taɓa zuwa kasuwar Kanan-Bakashe neman abu sittin masu kama ɗaya.

Aka ware su gida biyu. Goma sha huɗu ne suka karɓi farantin, biyar na Gwaggo duk suna ciki, sauran na matan da tsawonsu ya zo ɗaya da nata. Arba'in da shida suka tsaya a ɗaya gefen. Madan ba ta yi faɗa ba. Ta ce da Faransanci za ta ɗauki sha huɗun, sauran ba yadda za ta yi da su, kamfanoni sun ga samfuri kuma nan da kwana uku za ta miƙa kaya, sai dai ta cike da akwatunan kwali na bara. Na fassara wa Gwaggo.

Gwaggo ta daɗe tana kallon babban tsibin. Na san abin da take gani, don ko a duhu ta shafa kwando za ta gaya maka mai shi. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, ki ce mata na gode. Ba laifinta ba ne, ba kuma na matan ba. Amma ni ba ni komawa gida in ce nawa sun shiga, naku sun dawo. In za a bari, a bar su duka, nawa a kan gaba."

Na matsa kusa da kunnenta na ce Gwaggo, sha huɗu ai ya fi babu, mu karɓa mu san abin da za mu faɗa a gida. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ke dai faɗi abin da na ce."

Ban kai ga buɗe baki ba Madan ta ajiye salulolinta a kan tebur ta ce da Hausa, "Na ji, Inna." Ashe mahaifiyarta Bahausa ce, duk abin da muke faɗi tana ji. Sai ta ce akwai wani lungu a kasuwar kyaututtukan, kusa da ƙofar lambu, da ba a ba kowa ba. Mu baza arba'in da shidan nan a can yau da gobe. Ita za ta jira sha huɗun har la'asar ɗin gobe, daga nan kuma ba ta da sauran lokaci. Gwaggo ta ce ta yarda, amma a sani sha huɗun ba su sayu ba sai ƴan'uwansu sun sami masu su.

Na nemi banɗaki na shiga na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ni ce mai takarda, ni ce ke koya wa yara awo a allo, ni ce kuma na jawo tsohuwa tun daga Gidan Amumune don ta zo ta ji kunya a gaban mutane. Famfon wurin ma irin mai zubowa da kansa ne, na rasa yadda ake tsayar da shi, ina kuka yana zuba. Da na fito na ba Gwaggo haƙuri, sai ta ce in share fuskata, ita da ta shekara hamsin tana saƙa ai ta fi ni sanin hannuwa ba ɗaya ba ne, kuma ba ta tuna ba.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba. Mutane su tsaya, su shafa, su tambayi ko akwai biyu iri ɗaya, su wuce. Ni kuma ina ta zuba musu Faransanci, ina cewa aikin hannu ne, kowanne da irinsa, kamar mai ba da haƙuri. Har azahar huɗu kawai suka tafi. An kawo mana kujeru, su Gwaggo suka ƙi, suka shimfiɗa zane a kan daɓen suka fiddo kabar da suka ƙunso, suka kama saƙa, don hannunsu bai iya zama haka nan ba. Wata mata mai shara, ƴar wajen Filinge, ita ta nuna mana wurin salla, ta kuma kawo mana shinkafa da miya daga kicin ɗin ma'aikata ba tare da mun roƙa ba.

Ta ƙofar lambun muna ganin shagalin da ake yi. Masu gurmi na kaɗawa a hankali ƙarƙashin wata rumfa. An keɓe wuri ana yi wa mata lalle, teloli kuma suna nuna ɗinkunan Salla, ƴan mata na tafe suna juyi a cikin shadda mai ƙara. Babban kukun otal, da doguwar farar hularsa, yana koya wa mutane gashin rago, ana yanka ana miƙa wa kowa ɗanɗano a tsinke. Maƙwabciyar ta ci ta ce ya yi laushi, amma naman da bai yini a jikin itace yana shan hayaƙi a ƙofar gida ba, ita ba ta kiransa naman layya. Ta koma ta karɓo na biyu duk da haka.

Washegari da hantsi wata Hajiya ta tsaya a kanmu, babbar mace, awarwaro har tsakiyar hannu, da ƙawayenta biyu. Ta tambaya da Hausa me ya sa kwandunan ba su daidaita ba. Na buɗe baki zan fara waƙar jiya, maƙwabciyar ta riga ni. Ta jawo babban kwandonta, ta aza gwiwar hannu a baki ɗaya, yatsanta ya sauka daidai a ɗaya bakin. Ta ce wannan nata ne, hannunta ke nan. Ta ɗaga wani ƙarami ta ce wannan ma hannun mai shi ne, kowa da nata ta auna.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai ta tura awarwaronta sama, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa ta fara gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Na shida ko na bakwai ya zo mata cif, wani mai koren baki. Ta daina dariya ta tambayi mai shi. Gwaggo ta juya gindin kwandon ta duba, ta ce na wata tsohuwa ce a Urafane, mijinta ya rasu da daɗewa, idonta ya fara hazo, wata biyu ta yi tana saƙa guda uku da lalube. Hajiya ta sa aka nemo sauran biyun ta haɗa duka.

"Inna, in kin koma ki gaishe mini da ita. Ki ce tana da ƴar'uwa a Yamai, hannunmu ɗaya."

Ƙawayenta suka ce su ma sai sun nemo nasu. Wasu da ke wucewa suka ga manyan mata a durƙushe suna awo, suka tsaya kallo, daga kallo sai naɗe hannun riga. Kafin azahar lungun nan ya cika. Na ga mutum da kwat da laktaye a wuya ya tuɓe kwat ɗin ya ba direbansa, ya durƙusa. Wani ya kira matarsa a salula ya ce ta nemi mitir ta auna hannunta yanzu-yanzu, kar ta tambaye shi dalili. Duk wanda ya sami nasa sai ya tambayi mai shi, Gwaggo kuma ta ba shi labarinta a taƙaice: wannan ungozoma ce, wannan tana da tagwaye, wannan ba a fin ta iya fura. Daga wurinmu suke ɗaukar kwandon su bi tebura suna cika shi da abin da ransu ke so, yaji, zuma, dabino, wuƙa. Mai yajin da na zaga ɗazu har lemo ta aiko mana, Allah ya yafe mini.

La'asar ta yi, Madan ta zo. Saura kwando biyu, manya-manya, duka na maƙwabciyar, don duk Yamai ba a sami mai irin hannunta ba. Wani Bature dogo ya ɗauki ɗaya daga cikin ukun da ta saƙa, shi ma sai da ya ɗan yi ƙari da yatsa. Madan ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli kwandunan biyu, na ga bakinta ya fara ɗaurewa irin na jiya. Sai maƙwabciyar ta miƙe ta ɗauke su.

"Yaya, waɗannan ba dawowa suka yi ba, ni na hana su. Ɗaya na matar nan mai shara ne da ta ciyar da mu. Ɗaya kuwa albasar Galmi zan zuba. Ki ba baiwar Allah kayanta."

Gwaggo ta dube ta. Sannan ta ce wa Madan bismilla. Ni dai zama na yi a kan daɓen.

Madan ba ta bar mu mun tafi haka ba. Ta ɗauke mu a asansar, ɗan ɗakin nan mai hawa da mutane sama, zuwa hawa na ƙarshe, Gwaggo na riƙe da gyalena tana salati, ta sa aka kawo mana shayi da kek. Daga can kogin Isa yake shimfiɗe, ga jiragen masunta ƙanana, ga gada cike da motoci. Gwaggo ba ta taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Ta tsaya a jikin gilashi, sai na ji tana cewa Alhamdulillahi a hankali, ta maimaita ya fi sau goma. Madan ta ce baɗi in Allah ya kai mu ba za ta yanko faranti ba sai ta ga kwanduna.

A dawowa mun tsaya Galmi, albasa ta cika kwandon har ta yi tozo. Ruwa ya tare mu a Madawa ya raka mu har Maraɗi. Da muka kama hanyar Mayahi, gonakin da muka bari ana shuka sun yi kore, gero ya fito da ɗan kunnensa. Mun shiga Gidan Amumune ana saura kwana huɗu Salla. Kafin mu sha ruwa gidan Gwaggo ya cika da mata, har da na Kanan-Bakashe da suka ji labari. Idon kowacce a kan buhunan yake, suna nan a naɗe ba komai ciki. Gwaggo ta ba kowa haƙƙinta, ba ta ce uffan game da faranti ba. Ni ce na tashi na faɗi abin da na yi, tun daga mitir har kukan banɗaki. Suka yi ta dariya har da masu share hawaye, wata ta ce ashe lakwal ma ba ta gama komai ba. Na karɓa, don gaskiya ta faɗa.

Da zan koma Tasawa na sa mai kabu-kabu ya bi da ni ta Urafane, don Gwaggo ta ce gaisuwa amana ce. Na sami tsohuwar a gindin itacen bedi a tsakar gidanta. Na ba ta saƙonta, na gaya mata yadda Hajiya ta durƙusa da awarwaronta, da abin da ta ce. Ta sa na maimaita. Sai ta miƙe hannunta, siriri, duk jijiya, ta shafa shi tun daga gwiwa har yatsu, ta tambaye ni ko da gaske matar mai kuɗi ce. Na ce sosai. Ta ce ikon Allah. Ta shiga ɗaki tana lalube ta fito da wani faifai sabo mai koren baki, ta ce in kai wa ƴar'uwarta, ba a amsa gaisuwa da hannu wofi.

Na iso gida lafiya, na tarar da yara da maigida lafiya, an ma sayi rago. Na gode wa Allah, na gode wa ƙawata, da Madan da ta ba mu lungu alhali ba dole a kanta, da matar da ta ciyar da baƙin da ba ta sani ba. Abin da na koyo bai da yawa. In zan sake kai awo ƙauye, kara zan yanka sha tara in raba. Na kuma ga tsohuwar da ba ta san santi ba ta ƙi sayar da nata don kada na wasu su dawo, a lokacin da ni mai takarda nake raɗa mata ta karɓa. Wannan zai daɗe yana damuna, kuma gara ya dame ni.

Saura abu guda. A cikin hayaniyar ranar nan ban tambayi Hajiya sunanta ba, balle lambarta. Faifan yana nan a ɗakina, na naɗe shi a zane. Ku mutanen Yamai da ke karanta wannan, in kun shiga wani gida da Sallar nan kuka ga kwandunan kaba uku masu koren baki, ku gaya wa matar gidan ƴar'uwarta ta Urafane ta amsa, kuma saƙonta yana hannuna.